Yadda zaka gina ƙarfin jiki da jarka da buhu da nauyin jikinka, ba sai ka shiga jim ba

Yawancin samarin da suke cewa suna son su yi ƙarfi, abin da yake tsayar da su shine tunanin sai sun samu kuɗin rijistar jim, sai sun hau injinan nan masu kujera da igiyar waya da ake gani a TikTok da Instagram, har mutum ya shekara yana cewa sai wata mai kamawa. Wasu kuma sun biya sun shiga, sai suka tarar da inji kusan ashirin kowanne da aikinsa, wannan na gaban cinya wancan na bayan cinya wani na gefen kafaɗa, yau a taɓa wannan gobe a taɓa wancan, bayan wata uku jikin yana nan yadda yake sai kaji mutum yana cewa ai shi jikinsa baya karɓa. Wallahi abin yana damuna, don ƙarfi ba a nan yake ba. Motsi biyar ne kawai ake buƙata, sai kuma ƙarin nauyi kaɗan-kaɗan, kuma duk ana iya yinsu a tsakar gida ko a soro.

Ba kushe inji nake ba, yana da wajen amfaninsa musamman ga wanda ya ji rauni ko tsoho da ƙafarsa bata ɗaukarsa sosai. A 1990 wata likita mai suna Maria Fiatarone da abokan aikinta a Boston ta Amurka sun ɗauki tsofaffi goma masu shekara wajen 90, suka sa su atisayen miƙe gwiwa da wata na'ura mai sauƙi na sati takwas, ƙarfin ƙafarsu ya ƙaru da kusan kashi 174 cikin ɗari. Kaga kenan inji yana aiki, kuma babu wanda ya tsufa da yin ƙarfi. Amma kai da kake da lafiyarka, inji shi yake riƙe maka nauyin ya bi da shi hanya ɗaya, kai turawa kawai kake, ranar da aka ce ka sauke buhun masara daga bayan a-kori-kura babu mai riƙe maka komai, ƙafa da ƙugu da ciki da hannu duk sai sun haɗu sun yi aikin tare. Injinan zamani ma ba su daɗe ba, wani Ba'amurke Arthur Jones ya fito da nasa mai suna Nautilus a 1970, alhali tun kafin nan duniya cike take da ƙarfafa. Da aka fara gasar kokawa ta takobi a Nijar a garin Tawa a 1975, zamanin su Kantu na Maraɗi, ƙarfin 'yan kokawar daga noma da ɗaukar kaya da kama juna ya fito, haka 'yan damben mu na gargajiya.

Toh kafin a fara, ga kayan aiki. Nemi jarka biyu masu lita 25 masu murfi mai kyau da basa yoyo, da buhu ɗaya da zaka zuba yashi ka ɗaure bakinsa tamau, da tsohuwar jakar makaranta ta goyo, da littafi da biro. Abin da yasa nake son jarka shine lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka kana sane da nauyin da kake ɗagawa ba kintace ba, in ka zuba lita 12 kilo 12 kenan, sati mai zuwa ka ƙara lita ɗaya. Ka samu alƙalamin maka ka ja layi a jikin jarkar duk bayan lita biyar don kar kullum ka tsaya awo. Fiya wata ma haka, leda ɗaya rabin kilo ce, jaka guda mai leda 20 kilo 10 kenan, sai ka ringa jefa su a jakar goyo yadda kake so. In ruwa ya yi maka sauƙi ka koma busasshen yashi, jarka cike da shi tana kaiwa wajen kilo 40.

Motsi na farko tsugunno ne, wato ka tsuguna ka miƙe. Mu a nan muna da sa'a don da yawanmu kullum muna tsugunawa, wajen alwala, wajen bayan gida, wajen hira, gaɓoɓin sun saba. Ka tsaya ƙafa a ware daidai faɗin kafaɗa, yatsun ƙafa su ɗan kalli waje, ka rungume jarka a ƙirji, ka sauka a hankali ƙirji a sama har cinya ta kwanta daidai da gwiwa ko ma ta wuce in jikinka ya yarda, sannan ka danna ƙasa da tafin ƙafa gaba ɗaya ka taso. Abu biyu zaka lura da su, kar dunduniya ta ɗaga daga ƙasa, kar kuma gwiwoyi su karkato ciki su nufi juna lokacin tasowa, su bi inda yatsun ƙafa suka kalla. In gwiwarka tana damunka ko jikin ya yi nauyi, fara da kujera, ka zauna ka tashi ba tare da dafa komai ba, wannan ma tsugunno ne. Ranar da jarka ɗaya ta daina baka wahala, ɗora ƙafa ɗaya a baya kan benci ko dakali ka tsuguna da ɗayar, zaka sha mamakin yadda kilo 15 zai koma maka kaya.

Na biyu shine ɗauko kaya daga ƙasa, kuma a nan zan daɗe don shine yake gina gadon baya da ɗuwawu da bayan cinya, shine kuma inda mutane suke jiwa kansu ciwo. Yawancin masu kukan ciwon ƙugu bayan sun ɗauki kaya, sunkuyawa suke da baya a tanƙware, kayan can nesa da ƙafa, sai su fizga. Yadda ya kamata shine ka tuna yadda ake miƙe baya a ruku'u, baya a shimfiɗe ba a ƙudundune ba, wuya a layi ɗaya da bayan, sai dai a nan zaka ɗan lanƙwasa gwiwa ka tura ɗuwawu baya sosai har kaji bayan cinyarka ya ɗaure. Jarka ɗaya a dama ɗaya a hagu dab da ƙafafunka, ka kama hannayensu, ka ja numfashi ka ɗaure ciki, sannan ka miƙe tsaye da ƙarfin ƙafa da ƙugu, hannu riƙo kawai yake ba shi ke ɗagawa ba. Da ka miƙe ka tsaya ƙyam, kar ka gantsare baya wai don a ga ka gama. Saukewa ma haka, ɗuwawu ya fara komawa baya, jarkar ta bi jikin ƙafa har ƙasa, ka ajiye ba ka yar ba. Kar ka taɓa juya ƙugu da kaya a hannu kana sunkuye, in zaka juya ka juya da ƙafa gaba ɗaya. Dan Allah a satin farko ka yi da rabin jarka, ka jingina waya a gefe ka ɗauki kanka bidiyo ka kalla, ko ka sa wani ya ɗora sanda a bayanka ta taɓa ƙeya da tsakiyar baya da ƙugu, in sandar ta rabu da ɗaya daga cikinsu kana sauka toh bayan ya tanƙware, ka gyara kafin ka ƙara ko lita ɗaya. In ka iya wannan, ka koma buhun yashi, ka tsaya a kansa yana tsakanin ƙafafu, ka cusa hannu ƙarƙashinsa ka ɗauko zuwa cinya sannan zuwa ƙirji. Buhu baya da mariƙi kuma yashin yana motsi, shi yasa yake koya wa jiki irin ƙarfin da ake aiki da shi a gona da kasuwa.

Na uku turawa, wato firesof da kowa ya sani amma kaɗan ne suke yinsa daidai. Hannu ya ɗan fi kafaɗa faɗi, jiki a miƙe samɓal daga kai zuwa dunduniya, ciki da ɗuwawu a ɗaure, ka sauka har ƙirji ya kusa taɓa ƙasa, gwiwar hannu ta ɗan koma baya kusa da haƙarƙari kar ka baje ta gefe-gefe, wannan bajewar ita ke cinye kafaɗa. Guda takwas masu kyau sun fi hamsin na gyaɗa kai da ake yi don a ƙirga. In baka iya ko ɗaya ba babu abin kunya, dafa bango ka fara, sannan tebur, sannan dakali, kana sauka ƙasa-ƙasa har ka kai daɓe. In kuma kana yin ashirin baka ji komai ba, ƙara yawa ba zai ƙara maka ƙarfi sosai ba, goya jaka da fiya wata goma ko ka ɗora ƙafa a kan benci. Ka haɗa da tura kaya sama da kai, ƙaramar jarka mai lita 10 daga kafaɗa zuwa sama da hannu ɗaya kana tsaye, ciki a ɗaure.

Na huɗu jawowa, shi ne wanda samarinmu suka fi watsarwa, kowa ƙirji da ƙwanji yake so saboda su ake gani a madubi, sai kaga mutum kafaɗunsa sun ranƙwafo gaba bayan babu komai. Ka sa mai walda ya kafa maka faif mai kauri a sama tsakanin bango biyu, ko ka yi amfani da reshen bishiya mai ƙwari da ka gwada ka tabbatar ba zai karye ba. Ka rataya ka ja jikinka har haɓa ta wuce ƙarfen, ka sauka a hankali har hannu ya miƙe, banda lilo da harbin iska da ƙafa. Da wuya mai farawa ya iya, don haka taka kujera ka hau sama, sai ka cire ƙafa ka sauko a hankali kana ƙirga ɗaya zuwa biyar, ka yi haka sau biyar, bayan wasu makonni zaka ga guda ɗaya ta fito da kanta. In babu wajen rataya, dafa benci da hannu ɗaya da gwiwa ɗaya, baya a shimfiɗe, ka jawo jarka da ɗaya hannun zuwa ƙugu ka mayar. Duk wanda ya taɓa jan guga a rijiya mai zurfi ya san tsokar da nake nufi.

Na biyar babu wani bayani mai yawa, ɗauki jarka biyu ka yi tafiya da su taku 30 zuwa 40, kafaɗa a baya, kai a sama, taku gajeru, ka ajiye ka huta ka dawo. Wani lokaci ka ɗauki ɗaya kawai a hannu ɗaya ka hana jikinka karkacewa, gefen cikinka zai gaya maka ya yi aiki. Wannan yana gina ƙarfin riƙo, kuma riƙo ba ƙaramin abu bane, wani babban bincike da aka buga a mujallar likitanci ta Lancet a 2015 kan mutane kusan dubu 140 a ƙasashe 17 ya gano duk raguwar kilo 5 a ƙarfin damƙar hannu tana tafiya da ƙarin kashi 16 cikin ɗari na haɗarin mutuwa. Ba wai damƙar ce ke tsawaita rai ba, rai na hannun Allah, alama ce dai ta yadda jikin gaba ɗaya yake.

Yanzu yadda zaka tsara su. Kwana uku a sati ya isa, misali Asabar, Litinin da Laraba, a bar kwana ɗaya a tsakani don tsoka a lokacin hutu take ginuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idojinta na 2020 cewa ta yi babba ya yi atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a sati, banda minti 150 zuwa 300 na motsi irin tafiya da sauri, don haka ko biyu ka samu ka riƙe su. Ka fara da ɗumama jiki minti biyar zuwa goma, tafiya da sauri ko tsallen igiya, juya kafaɗa da ƙugu, tsugunno babu kaya. Sannan kowane motsi ka yi zagaye uku, kowane zagaye sau 8 zuwa 12, hutun minti biyu a tsakani. Nauyin da ya dace shine wanda in ka gama zagaye kana jin saura biyu kacal zaka iya ƙarawa, in zaka iya ƙara goma ya yi sauƙi, in kuma sai ka murguɗa jiki kafin ka kai takwas ya yi yawa. Gaba ɗaya minti 40 zuwa 45 ka gama.

Littafin nan da na ce ka nema shine sirrin abin gaba ɗaya. Duk ranar atisaye ka rubuta kwanan wata, motsi, lita nawa, sau nawa. Ranar da ka yi 12, 12, 12 a zagaye ukun da tsari mai kyau, zama na gaba ka ƙara lita ɗaya ko biyu, adadin zai faɗo zuwa takwas ko tara, ka sake hawa da shi har 12, ka sake ƙarawa. Shikenan fa. Wannan tsarin ba sabo bane, wani likitan sojan Amurka Thomas DeLorme ya rubuta shi a 1945 lokacin da yake farfaɗo da sojojin da suka ji rauni a yaƙin duniya na biyu, a 1948 shi da abokin aikinsa Arthur Watkins suka fitar da tsarin zagaye uku sau goma-goma da har yau ake bi. Kuma nan ne bambancin atisaye da aikin ƙarfi yake. Ɗan dako da ɗan garuwa suna da ƙarfi babu musu, amma su ba su ke zaɓar nauyin ba, ba su ke zaɓar ranar hutu ba, ko baya na ciwo dole a fita neman na tuwo, shi yasa da yawansu ƙugu ke gazawa da wuri. Kai da kake da zaɓi kar ka ɗora wa kanka irin wannan, yau da gobe ta fi ƙarfin wasa, lita ɗaya a sati biyu in ka lissafa a shekara ai ka san inda zata kai ka.

A sati huɗu zuwa shida na farko zaka ga nauyi yana hawa amma madubi bai nuna komai ba, kar hankalinka ya tashi, a lokacin jijiyoyi da ƙwaƙwalwa ne suke koyon yadda zasu sa tsokar aiki, girman tsoka sai daga baya yake bayyana, wajen wata biyu zuwa uku. Tsamin jiki kuma dole ne a farko, yakan fi tsanani kwana ɗaya zuwa uku bayan atisaye sannan ya lafa, tafiya da ruwan ɗumi suna taimakawa. Amma ciwo mai suka a cikin gaɓa, ko zafi mai sauka daga ƙugu zuwa ƙafa, ko ciwon ƙirji da jiri, ko kaga wani kumburi ya fito a matsematsi ko cibiya irin na ƙaba, wannan ka tsaya ka je asibiti. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ko suga, da mai ciki, da wadda aka yi wa tiyatar haihuwa, su fara jin ta bakin likita, kuma mai hawan jini kar ya riƙe numfashi yana yunƙuri, ya ringa fitar da iska lokacin ɗagawa.

Abinci kuma ba sai ka sayi gwangwanin garin furotin mai tsada ba. Masu bincike sun tsaya a kan wajen giram 1.6 na furotin ga kowane kilo na nauyin jiki a rana ga mai son gina tsoka, in kana kilo 60 kusan giram 96 kenan. Ƙwai ɗaya giram 6 ne, kofin dafaffen wake wajen 13, gyaɗa giram 100 tana da wajen 25, waken suya ya fi su duka, don haka awara da alale da ƙosai da ƙuli-ƙuli da kindirmo da busasshen kifi a miya, in ka rarraba su safe da rana da dare zaka kusa kaiwa ko babu nama kullum. Tuwo da shinkafa su ke baka kuzarin ɗagawa, kar ka guje su sai dai in teɓa kake son ragewa, ita kuma teɓa atisayen ciki ɗari-ɗari baya narkar da ita, rage lemon kwalba da sukarin shayi da yawan loma shi ke yi. Barci awa bakwai zuwa tara, wanda yake danna waya har biyun dare ya tashi asuba kar ya zargi jarka.

Ina roƙon ku da Allah ku nisanci ƙwayoyi. Deksa da sauran sha-ka-fashe da ake saya a kemis don a yi jiki, kumbura fuska da ciki suke, su tayar da suga da hawan jini, su raunana ƙashi, tsokar cinya da dantse kuma zaizaye ta suke, wato akasin abin da kake nema, wanda ya daɗe yana sha kuma kar ya yanke lokaci ɗaya sai da shawarar likita. Allurar sitiroid da wasu 'yan ɗaga ƙarfe ke yi a ɓoye tana ƙanƙantar da 'ya'yan maraina, ta rage maniyyi, ta fito wa namiji da nono, ta taɓa hanta da zuciya. Tiramol kuma ɓoye maka ciwo yake har ka yaga tsoka baka sani ba, ga jijjiga ga kamuwa da jarabarsa.

'Yan'uwa mata, wannan duk da ku ake. Ba zaki koma ƙirar maza ba don kin ɗaga jarka, sinadarin da ke sa tsokar namiji girma sosai kaɗan ne a jikinki, abin da zaki samu shine ƙugu mai ƙwari, ɗaukar yaro da tulu babu nishi, da ƙashi mai ƙarfi don bayan daina al'ada ƙashin mace yana saurin zaizayewa. A cikin ɗakinki ma zaki iya, da jarka mai lita 10 da bakin gado.

Lokacin zafi, daga Maris zuwa Mayu da rana ke wuce digiri 40 a su Kano da Sakkwato da Maiduguri da Damagaram, ka yi bayan sallar asuba ko bayan la'asar sakaliya a inuwa, ruwa a kusa da kai. Da azumi kar ka daina gaba ɗaya, ka rage zuwa kwana biyu da zagaye biyu-biyu, bayan buɗa-baki da awa ɗaya ko biyu ko bayan asham, burinka a watan ka riƙe abin da ka tara ne ba ƙari ba.

In ka kai matsayin da jarka biyu na yashi suka zama wasa, lokacin ƙarfe ya yi, sanda ɗaya da faifan nauyi sun ishe ka, motsin dai su ne waɗannan biyar ɗin. In na siminti zaka haɗa a gwangwanin fenti kamar yadda ake yi a unguwanni, ko tsofaffin giyar mota daga wajen 'yan gwangwan, ka kai su sikeli ka auna kowane gefe daban ka tabbatar nauyinsu ɗaya, ka rubuta kilon a jiki da fenti, sannan ka sa mai walda ya yi maka abin tarewa a bakin sandar don kar wani ya zame ya faɗo maka a ƙafa.